Fashin baƙi: Wai dole ne mai koyon jita ya haddace sikel, ko kunne kaɗai ya isa?

Wai dole ne sai mutum ya zauna kullum yana hawa yana sauka a kan sikel, wato jerin sautuka irin do-re-mi, kafin ya iya jita, ko kuwa ɓata lokaci ne, kawai ka ɗauki jitarka ka bi waƙa da kunne shikenan? Wannan gardamar ba ta mutuwa tsakanin masu koyo, kuma duk sanda bidiyon wani ɗan Agadas ya zagaya a TikTok ko Facebook yana sa jita kuka a wajen biki sai ta sake tashi, wani ya ce to kun gani, wannan bawan Allah ko ƙofar makarantar kiɗa bai sani ba, ba ruwansa da wani do-re-mi amma ji yadda jita take magana a hannunsa. Wani kuma, yawanci irin waɗanda suka koya a coci ko a hannun malami, sai ya ce a'a, in ba ka san sikel ba iyakarka kwaikwayo, ranar da mawaƙi ya canza maka ki, wato ya ɗaga ko ya sauke waƙar, a gaban jama'a a nan za ka tsaya kana zare ido.

Abin da yake damuna da wannan cacar bakin shi ne yara masu koyo ne suke kwana a ciki. Wasu sun yi wata da watanni suna gudu da yatsu sama da ƙasa amma ko waƙar gaɗa ɗaya ba za su iya fitarwa ba, wasu kuma an ce musu sikel kayan Turawa ne sun watsar gaba ɗaya, sun maƙale a waƙa uku da suka kwafa. Kuma asalin rikicin ɗaya ne, yawancin mutane sun ɗauka sikel shi ne wancan zanen ɗige-ɗigen da ake nunawa a YouTube, alhali sikel abu ne na kunne, zanen kawai yana nuna inda za ka same shi ne.

To menene ma sikel ɗin?

Ka kaɗa tsirkiya ɗaya ba tare da ka danna komai ba, sannan ka danne ta a firet na 12 (firet su ne ƙarafunan nan da aka jera a wuyan jita, ana ƙirga su daga kan jitar), wajen nan da galibi ake sa ɗigo biyu a wuyan jita, ka sake kaɗawa. Za ka ji sautin ɗaya ne sai dai na biyun ya fi siriri, irin tazarar da ke tsakanin muryar namiji da ta mace in suna rera waƙa ɗaya tare. Dalili kuwa firet na 12 yana daidai tsakiyar tsirkiya ne, da ka raba tsawonta biyu sai saurin karkarwarta ya ninka. Tsirkiya ta 5 misali (daga mafi siriri ake fara ƙirga tsirkiyoyi), wadda ake kira A, tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa ɗaya, a firet na 12 kuma sau 220. Wannan tazarar ita ce oktab.

Tsakanin farkon oktab da ƙarshensa taki 12 ne, kowane firet taki ɗaya. Amma waƙoƙin da muke ji ba sa taka duka 12 ɗin, kowace waƙa tana zaɓar wasu ta bar wasu. To wannan zaɓin, in ka jera shi daga ƙasa zuwa sama, shi ne sikel. Wanda aka fi sani shi ne mejo, mai sauti 7, wato do re mi fa so la ti, kuma lissafinsa a firet haka yake: 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Gwada a tsirkiya ta 3 kaɗai, ka kaɗa ta a sake, sai firet na 2, na 4, na 5, na 7, na 9, na 11, na 12, za ka ji do-re-mi ya fito raɗau. Maino kuma, wanda yake da ɗan sanyin jiki da tausayi a kunne, nasa lissafin 2, 1, 2, 2, 1, 2, 2 ne.

Ka lura fa, ban ce maka yatsa kaza a wuri kaza ba. Duk inda ka fara, in ka bi wannan ƙirgen sikel ɗin zai fito, sautin da ka fara da shi shi ne gida, shi ake nufi in an ce waƙa tana ki na G ko na C. Sunayen do-re-mi ɗin ma sun samo asali ne daga wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, a ƙarni na 11, kuma ya ƙirƙiro su ne don mawaƙa su riƙa gane sauti da baki, ba don masu jita ba. 'Yan mishan ne suka yaɗa irin wannan koyarwar a makarantu da coci-coci na ƙasashenmu, shi ya sa har yau makaɗan coci a Jos ko Kaduna za ka ji suna kira wa juna la, fa, do, so ana tsakiyar kiɗa kuma kowa ya gane.

Me ya sa abin ya fi rikita mai jita fiye da mai fiyano?

A fiyano kowane sauti wurinsa ɗaya ne tak, masu kauri a hagu, sirara a dama, ka bi fararen maɓallai daga C ka sami mejo ba wahala. Jita ba haka take ba. Sautin E na tsirkiya ta 1, mafi siriri, in ka kaɗa ta a sake, shi ne dai za ka samu a tsirkiya ta 2 firet na 5, da ta 3 firet na 9, da ta 4 firet na 14, da ta 5 firet na 19. Sauti ɗaya, wuri biyar. Kaga kenan sikel ɗaya ana iya kaɗa shi ta hanyoyi barkatai, kuma kowane malami a intanet da tasa hanyar, wannan ya ce akwati biyar, wato zanen yatsu biyar a wuyan jita, wancan ya ce wani tsari mai suna CAGED, wani ya ce sauti uku a kowace tsirkiya, sai yaro ya ɗauka sikel kala-kala ne har guda nawa zai haddace, alhali duk abu ɗaya ake zagayawa.

Sai kuma wata 'yar matsala a saitin jitar kanta. Saitin da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, E A D G B E ne. Tsakanin kowace tsirkiya da ta kusa da ita firet 5 ne, in banda tsakanin G da B da yake firet 4. Wannan ɗan giɓin shi yake sa duk wani zane in ya iso tsirkiya ta 2 sai ya gota gaba da firet ɗaya. Da yawa masu koyo a nan suke tuntuɓe suna zaton hannunsu ne bai iya ba, alhali kawai ba wanda ya taɓa gaya musu dalilin.

Sauti biyar ɗin da kunnenmu ya riga ya sani

Nan ne fa inda nake ganin mu muna da gata amma ba mu sani ba. In ka ɗauki do re mi fa so la ti ka cire fa da ti, saura biyar, do re mi so la. Shi ne fentatonik. In ka mai da la ta zama gida, la do re mi so, ya zama fentatonik na maino, lissafinsa 3, 2, 2, 3, 2. A tsirkiya ɗaya: a sake, firet na 3, na 5, na 7, na 10, na 12. Kaɗa wannan a hankali ka saurara, ba sai an gaya maka ba, za ka ji ƙamshin gida. Mafi yawan waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, na goge da garaya da gurmi da waƙoƙin 'yan mata a dandali, haka kiɗan Abzinawa da na Zabarmawa da Sanwai, haka waƙoƙin Sudan da iyayenmu suke so, kai har kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka a kansa ya ginu. Bature mai koyon jita sai an zaunar da shi an koya masa ɗanɗanon wannan sikel ɗin, kai kuwa tun kana goye kake jinsa.

Zanen da kusan kowa yake farawa da shi kuwa shi ne na ki A a firet na 5. Tsirkiya ta 6, firet 5 da 8. Ta 5 da ta 4 da ta 3, kowacce firet 5 da 7. Ta 2 da ta 1, firet 5 da 8. Manuniya tana riƙe da firet na 5, yatsan zobe na 7, ƙaramin yatsa na 8. Sautukan A, C, D, E, G ne suke ta maimaituwa, ba wani abu. Ka ja wannan zanen gaba ɗaya zuwa firet na 3 ka koma ki G, ka kai shi na 8 ka koma C, na 10 D. Masu bulus suna ƙara sauti ɗaya a tsakani, firet na 6 a tsirkiya ta 5 da na 8 a ta 3, a taɓa shi a wuce ba a zama a kansa.

Abin da kowane ɓangare yake riƙe da shi

Masu cewa kunne ya isa ba da ka suke magana ba, suna da hujja mai ƙarfi. Ƙungiyar Tinariwen da ta faro wajen 1979 tsakanin matasan Abzinawan Mali da ke gudun hijira a Tamanrasset ta Aljeriya, ba a aji suka koya ba, a zaman shayi ne da kaset, kuma sun ci lambar yabo ta kiɗa ta Grammy a 2012. Bombino na Agadas ya shiga jerin masu takarar Grammy ta 2019. Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke, bahago ne ma, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008 kafin waƙoƙinsa su bazu daga waya zuwa waya. Ga marigayi Ali Farka Toure na Niafunke da ya rasu a 2006, wanda ya ɗauko salon kayan kiɗan gargajiyar yankinsu ya ɗora wa jita. Wa zai kalli waɗannan ya ce musu ba su iya ba sai sun koma sun yi do-re-mi?

Ɗaya ɓangaren su ma ba wasa ba. Andres Segovia ɗan ƙasar Sifen, wanda ya ɗaga darajar jitar kilasik a duniya, a 1953 ya fitar da ɗan littafi na yadda ake jera yatsu a sikel 24 na mejo da maino, kuma har yau ɗalibai suna bin sa. A jarabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila akwai wadda sai ka kaɗa sikel a gaban mai jarabawa. Hujjarsu ita ce sikel yana daidaita hannun dama da na hagu su riƙa sauka tare, yana ƙarfafa ƙaramin yatsa da kowa yake gudu, yana sa ka san wuyan jita tun daga sama har ƙasa, kuma yana ba ka yaren da za ka yi magana da sauran makaɗa.

Ni dai matsayata ita ce, waɗancan 'yan Agadas ɗin da ake kafa hujja da su sun fi kowa sanin sikel, suna ne kawai wataƙila wasunsu ba su damu da shi ba. Ka saurari solo ɗinsu da kyau, wato inda jita take magana ita kaɗai, ba sa taka sauti barkatai, cikin biyar ɗin nan suke yawo, suna barin tsirkiya mai kauri tana ta gurnani a ƙasa tana riƙe da gida, yatsu kuma suna ta ado a sama suna dawowa. Wannan sanin bai faɗo daga sama ba, shekaru ne na sauraro da maimaici da kaɗawa a biki bayan biki. Wato su ma sun yi atisaye, mai tsanani ma, sai dai nasu a cikin waƙa aka yi shi. Don haka wanda yake fakewa da su don ya guje wa zama da jita yana cutar kansa ne. Wanda kuma ya haddace akwati biyar yana gudu a kai kunnensa a toshe, shi ma bai san sikel ba, zane ya sani. Django Reinhardt, makaɗin jaz na Faransa, gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, da yatsu biyun da suka rage yake yin solo ɗinsa, babu wani zanen littafi da zai yi masa aiki, amma da yake sautin yana kansa sai ya nemo tasa hanyar.

Yaron tela ana fara sa shi ya yi ta taka keke a kan tsumma har layinsa ya miƙe, dole ne wannan, amma ba wanda zai zo ya sayi tsumman, riga ake jira. Haka sikel yake da waƙa.

Yadda atisayen zai zama mai amfani

Abu na farko, fara da tsirkiya ɗaya kafin ka shiga akwati. A tsirkiya ɗaya idonka yana ganin tazarar, kunnenka yana jin ta, ka san nan taki 2 ne nan taki 3 ne. In ka fara da akwati yatsu ne kawai za su haddace.

Sannan, kuma wannan shi ne wanda na fi so kowa ya riƙe, ka riƙa rerawa da bakinka. Ba sai kana da murya ba, ko gunguni ne. Ka rera sautin kafin ka danna shi, sai ka danna ka ji ko kun haɗu. Da farko za ka yi ta saɓawa, ba komai, a nan ne ake ɗinke kunne da yatsa, kuma wannan ɗinkin shi ne duk abin da ake nema, ka ji abu a ranka hannunka ya je wajen da kansa. Ka bar tsirkiya ta 5 a sake tana ƙara, ka riƙa taka A, C, D, E, G a kan ta 4 da ta 3 a hankali, za ka ji kowane sauti da halinsa a kan gidan, E yana zaune lafiya, G yana jan ka ka ƙarasa gida, D yana rataye yana jiran a sauke shi. Wanda ya ji wannan da kunnensa sau ɗaya ya fi wanda ya yi gudu sau dubu. Daga nan ka ɗauko wata waƙa da ka sani tun yarinta, ta gaɗa ko ta tashe ko ta raino, ka nemo ta a cikin sautukan nan biyar ba tare da ka kalli bidiyon kowa ba. In ka same ta a firet na 5, ka mai da ita na 3, ka mai da ita na 8.

Sai lokaci. Metronom, abin nan mai ƙirga maka bugu, kyauta ne a waya, ka sa shi a bugu 60 a minti, sauti ɗaya kowane bugu, in ya zauna ka koma biyu, sannan uku, sannan huɗu. Kar ka tsallake ukun nan don Allah, darussan intanet sun fi karkata ga biyu da huɗu, alhali kiɗanmu da yawa, na kalangu da na tafi da na Abzinawa, a kan uku-uku yake rausaya, in ba ka saba da shi ba solo ɗinka zai riƙa fitowa a sandare. Kar ka ƙara sauri sai kowane sauti yana fita tas ba zizar firet, in za ka ƙara ma kaɗan-kaɗan, bugu 4 ko 5. Kuma ka daina tafiya a jere kullum daga ƙasa zuwa sama, ba waƙar da take tafiya haka. Hau uku ka dawo ɗaya, tsallake ɗaya, fara daga sama ka gangaro tunda waƙoƙinmu ma galibi daga sama suke farawa su sauko, ka yi shiru a tsakani ka bar wuri kamar mai amshi zai shigo. Minti 15 ko 20 kullum da hankali a wajen ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Ka riƙa naɗar kanka a waya kana saurara, za ka ji abin da ba ka ji lokacin da kake kaɗawa.

Inda firet yake gazawa

Akwai abin da sikel na littafi ba zai ba ka ba. Firet ya yanka oktab gida 12 daidai wa daida, amma goge da garaya da kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos ba su da firet, haka muryar mutum, don haka sautinsu yakan faɗa a tsakanin firet biyu. Haka wasu waƙoƙin Larabawa da ƙasidu da ake rerawa a kan maƙamai irin su Bayati da Rast, suna da sautin da yake rabin firet ne, shi ya sa suke amfani da ud, wani ɗan'uwan jita wanda ba shi da firet. In ka ga kana bin waƙa ka danna nan bai yi ba ka danna can bai yi ba, ba lallai kunnenka ne ya samu matsala ba, sautin yana tsakiya ne, sai dai ka tura tsirkiyar sama kaɗan da yatsa ko ka zamo zuwa gare shi. Wanda yake son ɗanɗanon waƙoƙin Indiya da na Larabawa da firet zai iya ɗauka kuma, ya gwada wannan a tsirkiya ɗaya: a sake, 1, 4, 5, 7, 8, 10, 12. Tsallen nan daga 1 zuwa 4 shi ne sirrin.

Me wannan yake nufi ga mai koyo a nan?

Ta fuskar neman abinci maganar a fili take. A situdiyoyin Kano da Kaduna yawancin kiɗa da fiyano da kwamfuta ake haɗa shi, in aka kira mai jita to ana so ne ya zo ya sa ɗan ado a gama, mai haɗa kiɗa zai ce maka waƙar tana F ne, in ka san inda F take a tsirkiya ta 6, firet na 1 ko na 13, ka ɗora zanenka ka shiga, in ba ka sani ba kana ta lalube lokaci yana tafiya, gobe wani za a kira. Haka a biki ko a coci, mawaƙiya muryarta ta dishe ta ce a sauke mata, wanda ya san sikel ja da baya kawai zai yi firet biyu, wanda ya haddace waƙa a wuri ɗaya kuwa ta ƙare masa. Kuma ba sai ka ƙona data kana bin darasi ɗari ba, fentatonik da mejo da maino in sun zauna sun ishe ka shekaru, sauran masu dogayen sunaye irin su Doriyan duk daga cikin mejo aka ciro su, gida kawai aka canza.

A kula da hannu. Zafin kan yatsa na makonnin farko ba komai ba ne, kanta za ta fito ya wuce. Amma ciwo a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko ka ji yatsu suna dindiris, wannan ba jarumta ba ce a daure, ajiye jitar ka huta, in ya ƙi tafiya ka ga likita. Yawanci matse wuyan jita da ƙarfi ne yake jawo shi, alhali in ka danna dab da ƙarfen firet ɗin ƙarfi kaɗan ake buƙata.

Jitar kanta ma a duba ta, don yawancin masu koyo ta gwanjo suke samu, ga zafi ga iskar hunturu da take busar da katako har wuya ya lanƙwashe tsirkiyoyi su yi sama. Irin wannan jitar tana wahalar da yatsu kuma tana koya wa kunne ƙarya, wanda ya fi muni ga mai koyon sikel. Ka saita ta da manhajar saita tsirkiya (tuner) kafin kowane zama, sannan ka gwada kowace tsirkiya a sake da kuma a firet na 12, in allurar ta nuna harafi ɗaya a tsakiya to lafiya, in na firet 12 ya haura sosai to sai an gyara. Wani lokacin canza tsofaffin tsirkiyoyi kaɗai yana magance shi, in bai yi ba a kai wa mai gyara ya rage tsayin gadar da tsirkiyoyi suke zaune a kai ko ya ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan, kuma kar a riƙa barinta a rana ko cikin mota a rufe.